Kumfa a Bahon Ebo

Litinin, 3 ga Yuni, da hantsi

Anti Araba ta kwashe mini sabulu kaf. Har ɗan guntun da ya manne a bakin taga ba ta bari ba. Ta haɗa da man shafawata da hodar da nake sawa a wuya, ta ƙulle a leda ta kai ɗakinta kamar wadda ta kama kayan sata. Yayar mijina Ebo ce, ita dangi suka ɗora a kan takabata. Tun ranar da aka binne shi ta tare a gidan nan da akwatinta da Littafi Mai Tsarki da ƙwayoyin hawan jini. Matar da ta yi shekara da shekaru tana aikin jinya a asibitin nan na Takoradi, amma in ta fara zancen matattu sai ka rantse a wurinsu ta yi aikin.

Da ruwan sanyi zan riƙa wanka, safe da rana da yamma, an murje ganyen darbejiya a ciki. A tabarma zan kwana. In an kawo mini abinci sai ta ajiye gawayi a gefen kwanon, wai don kada mamacin ya sa hannu mu ci tare. Duk wannan na ɗauka, uwata ma ta yi. Zancen sabulun ne ya ƙona mini rai, har na tambaye ta laifin me sabulu ya yi.

Ta ce, "Matarmu, wanda ya tafi idonsa ne ya rufe, hancinsa bai rufe ba. Da ƙamshi yake gane nasa. In ya ji naki zai dawo, in kuwa ya dawo ba zai koma shi kaɗai ba."

Na ce mata Ebo da ransa ma miya tana ƙonewa a gabansa ba ya ji. Ko murmushi ba ta yi ba.

Ƙarshen wata za su kai ni bakin teku su wanke ni, shi ke nan an raba mu. Abin da nake jira ke nan. Kuukua, 'yata ɗaya tilo, cikinta ya tsufa, kuma wannan ne na farko da ya zauna bayan ɓari biyu. Mijinta yana can tsakiyar teku wurin haƙar mai. Ni zan je Tema, inda take zaune, in yi wa jaririn wanka in gasa masa cibiya, ba wata ba. Anti kuma ta riga ta faɗa mini ɓaro-ɓaro cewa macen da ba a raba ta da mamaci ba, ba ta taɓa jariri.

Talata, 4 ga Yuni, da yamma

Kuukua ta koma Tema. Da ido na raka ta daga taga, tunda ba a yarda in taka ƙofar gida ba. Tana tafiya tana dafe da ƙugu.

Kafin ta fita ta shigo ɗaki ta tura ƙofa da ƙafa, ta shinshina ni ta yamutsa fuska, wai warin darbejiya nake kamar yaro mai ƙarambau. Ta zaro wata kwalba daga jakarta ta cusa a ƙarƙashin tabarmata. Irin sabulun ruwan nan ne mai kumfa da suke ajiye wa manyan baƙi a otal ɗin da take aiki.

Ta ce, "Maa, in Anti ta tafi taron mata, ki cika bahon Paa da ruwan ɗumi, ki zuba murfi biyu, ki miƙe a ciki. Jikinki duk ya ɗaure. Sau ɗaya dai, don Allah."

Na ce ta ɗauke abinta. Ta yi kamar ba da ita nake ba. Halin ubanta ne sak.

Bahon nan wani ƙaton abu ne na ƙarfe mai ƙafa huɗu. Ebo ya sayo shi lokacin da aka farfasa wani tsohon jirgin ruwa da ya taɓa yi wa aikin inji, sai da aka cire ƙyauren banɗaki kafin ya shiga. Duk Lahadi in mun dawo coci sai ya cika shi ya kwanta yana rera waƙa da muryar nan tasa ta injin niƙa, yana kirana wai akwai wuri. Ni kuwa in ce masa ni ba kifi ba ce. Sauran ranaku wanki nake jiƙawa a ciki.

Laraba, 5 ga Yuni, da rana

Ana tsuga ruwan sama, ni kuma ina bayan gida ina watsa wa kaina na sanyi. Anti tana tsaye ƙarƙashin lema tana sauraro, ko zan zubar da ruwan a ƙasa in ce na yi. Haƙorana har karo suke.

Da na dawo ɗaki na ɗaga tabarma na buɗe murfin kwalbar, na kai hanci, na mayar na rufe. Iyakar abin da na yi ke nan.

Alhamis, 6 ga Yuni, da la'asar

Na yi.

Ban tashi da niyya ba. Bayana ne ya ƙi tabarma, tun safe a karkace nake tafiya. Anti tana fita taron matan coci da farin ɗankwalinta na ɗora babbar tukunya a gas na shiga jigila, famfo ma ya yi mini mutunci yau yana zuwa. Da na tsiyaya abin a ƙarƙashin famfon sai kumfa ta fara tasowa, fara fat, tana ta hawa har ta rufe ruwan ruf. Ƙamshin furen lemo ne, da wani abu a bayansa mai kama da burodin da aka fito da shi yanzu. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina sayar da atamfa a kasuwa cikin zufa da hayaƙin kifi, ban san ana ɗura irin wannan a kwalba ba.

Na shiga a hankali ina riƙe da bakin bahon. Ɗumin ya kama ni tun daga idon sawu har wuya. Kumfar tana wani ɗan ƙara a kunnena tana fashewa kaɗan-kaɗan. Sai na ji kafaɗuna sun sauka, ashe a ɗage suke tun daga asibiti ban sani ba. Na yi kuka, kukan da ya ƙi zuwa ranar jana'iza lokacin da aka zuba mini ido ana jira in yi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Abu ɗaya ne kawai. Bayan na shiga, akwai wajen taƙi guda tsakanin ruwa da bakin baho, na duba da idona don kada in jiƙa ƙasa Anti ta gani. Ina kwance ban motsa ba, sai ruwan ya hau ya zuba ta gefe. Ina jin kumfa ce ta ruɗe ni. Na goge ƙasan, na sake watsa ruwan darbejiya a jikina, na buɗe taga.

Juma'a, 7 ga Yuni, da safe

Na yi barci har sai da Anti ta tashe ni. Lafiyata ƙalau.

Lahadi, 9 ga Yuni, da rana

Matan coci sun zo bayan sujada da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi. Suka yi waƙa biyu, suka zauna gulmar sabon fasto. Ni ina tabarma ina amsa gaisuwa da ka, tunda ba a ba ni hannu. Ɗaya daga cikinsu ta nufi kujerar Ebo ta zauna, sai ta miƙe zumbur tana shafa bayan zanenta, ta ce matashin kujerar a jiƙe yake. Anti ta ce rufi ne yake yoyo, damina ce. Ta faɗa ne tana kallona, ba rufin ba. Da suka watse ta ɗauki matashin ta kai hanci, ta daɗe a haka, sannan ta fita da shi ta shanya.

Ni ban zauna a kujerar nan ba. Ko kusa da ita ban je ba.

Litinin, 10 ga Yuni, da yamma

Na zauna zan rubuta abin da ya faru a asibiti, daga ranar da muka shiga da ƙafarsa har ranar da na fito da takalmansa a leda. Na rubuta layi ɗaya na soke. Sai wani lokaci.

Gidan nan ya yi girma. Da shi yake cika shi da surutu, ni kuma in yi ta ce masa ya yi mini shiru.

Talata, 11 ga Yuni, da la'asar

Na ce sau ɗaya. To, ya zama biyu.

Zan rubuta yadda abin ya faru, in ya so gobe in karanta in yi wa kaina dariya. Ina kwance, kaina a gefen nan mai gangara, ƙafafuna wajen famfo. Rana tana shigowa ta taga, ina jin mai tallan ayaba tana wucewa a titi. Sai kumfar da ke wajen famfo ta lotsa. Ba fashewa ta yi ba yadda take yi in ta daɗe. Lotsawa ta yi a tsakiya ta tattaru gefe da gefe, sannan ruwan ya taso mini daga ƙirji zuwa haɓa, ya zuba ƙasa.

Na naɗe ƙafafuna, yadda ake matsa wa mutum a mota.

Ban ga komai ba. Ba a taɓa ni ba. Mun dai zauna. Abin da ya dame ni yanzu shi ne ban ji tsoro ba ko kaɗan.

Laraba, 12 ga Yuni, da yamma

Kuukua ta kira. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, likita ya ce ta rage zirga-zirga. Ta sayi ɗan bahon roba shuɗi da tawul, ta ce ba mai fara sa ɗanta a ruwa sai ni, ko da uwar mijinta za ta yi fushi har Kirsimeti. Ta tambaya ko na gwada abin. Na ce yana da ƙamshi. Ta yi dariya ta ce ai ta gaya mini. Can ta ce muryata ta yi nisa, ko na matsa daga wayar ne. Wayar kuwa tana manne da bakina.

Alhamis, 13 ga Yuni, dab da magariba

Yau na yi wa Ebo hira. Na ba shi labarin waɗanda suka zo jana'iza da waɗanda suka aiko uzuri, da abokinsa da ya sha giya ya faɗa a kwata da sabon zanen makoki. Ruwan yana ɗan kaɗawa wajen famfo, yadda cikinsa yake yi in yana dariya. Na ce masa cikin Kuukua ya zauna wannan karon. Na ce ƙarshen wata za a kai ni teku, daga nan in wuce Tema.

Ina faɗin haka kaɗawar ta tsaya cak. Wani abu ya zagaye mini idon sawu, ba da ƙarfi ba, riƙon da ake yi wa yaro a bakin titi. Na ce wasa nake. Aka sake ni.

Bugun ƙofar Anti ne ya dawo da ni. Na shiga rana tana tsaka, na fito inuwa ta cinye tsakar gida. Ruwan ya yi sanyi ƙarara ban sani ba, yatsuna duk sun yamushe. Da na lashi leɓena gishiri na ji, gishirin teku, alhali ruwan famfo ne na tara da hannuna. Na ce wa Anti barci ne ya ɗauke ni. Lafiyata ƙalau.

Juma'a, 14 ga Yuni, da rana

Na ture gawayin daga gefen kwano na tura shi ƙarƙashin tabarma. Mutum ya sha hanya ya zo gidansa, a hana shi loma? Sakwara ce da miyar kifi, wadda ya fi so. Loma kaɗan na yi na ƙoshi. Anti ta zo ɗaukar kwano ta same shi tas, har tana yaba mini wai na fara cin abinci.

Asabar, 15 ga Yuni, da hantsi

Famfo bai zo ba tun jiya. Anti ta tafi kasuwa. Na shiga banɗaki ɗauko bokiti na tarar da bahon cike, kumfa har baki, tururi yana tashi. Gas a kashe yake, tukunya a kife, a bushe.

Na tsaya a bakin ƙofa ina ce wa kaina in juya. Na tuna Kuukua, na tuna ɗan bahon roba shuɗi. Na tuna su sarai, kada wani ya ce mantawa na yi.

Ruwan daidai yadda nake so ne, bai cika zafi ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, da yamma

Sabon fasto ya zo ya yi mini addu'a. Yaro ne mai kirki, sai tsawon baki. Ya ce na yi haske, alamar Ubangiji yana ba ni dangana. Anti tana bayansa tana kallon wuyana. Zanena ya fara zamewa daga ƙugu, sai da na ƙara masa ninki. Lafiyata ƙalau.

Litinin, 17 ga Yuni, da yamma

Anti ta kama ni. Ba kwalbar ta gani ba, wannan tana cikin takalmin aikinsa na roba, ita kuma ba ta taɓa kayan sawarsa. Muna bayan gida ne ta ce in sunkuya ta cuɗa mini baya, sai ta tsaya da soso a hannu. Ta sa hanci a ƙeyata, cikin gashi, inda ruwan ɗaci bai kai ba.

Na shirya wa faɗa. Tun makon jiya na tanadi maganganu: cewa ita da ta yi aikin asibiti ta san gawa ba ta shinshina komai, cewa gidana ne, cewa ba ita ta kwana a gefen gadonsa ba. Ba ta ba ni damar faɗin ko ɗaya ba. Zama ta yi a kan bokitin da aka kife, sai na ga ta tsufa nan take. Ta ce tun waccan Lahadin take jin warin man inji a lungun da ke tsakanin ɗakuna, irin wanda yake dawowa da shi a riga. Ta ce shirun da ta yi, don ita ma takan tsaya a wurin tana shaƙa ne.

"Ni na goya shi, Mansa. Kina tsammani ba na son jin motsinsa a gidan nan? Amma wanda yake zuwa ba hira ta kawo shi ba. Ya ga an bar shi shi kaɗai ne, ya zo ɗaukar matarsa. Ki zaɓa, ko shi ko jaririn Kuukua. Ba zan bari ki ɗauki ɗan mutane da mamaci a bayanki ba."

Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai yau. Ta nemi kwalbar, na ce ta ƙare na jefar. Ta sa kwaɗo a ƙofar banɗakin ta rataya makullin a wuya, ta ce na tsakar gida ya ishe mu.

Talata, 18 ga Yuni, da rana

Anti ba ta je taro ba. Tana falo tana tsintar wake tana gadina. Ana jin ruwa yana motsi a bayan ƙofar da aka kulle, ɗan motsin da yake yi in mutum ya gyara zama. Ta ƙara ƙarar rediyo. Haushinta nake ji kamar in shaƙe ta, kuma na san ita ce da gaskiya.

Laraba, 19 ga Yuni, da yamma

Kuukua ta yi ta kira ban ɗauka ba. Ina kallon sunanta yana haske har ya mutu. Ban san dalili ba.

Na sani.

Juma'a, 21 ga Yuni, da hantsi

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Jiyan Anti ta tafi asibiti karɓo ƙwayoyinta da makullin a wuyanta. Kwaɗon yana nan a rufe a jikin ƙarfensa, ƙofar kuma a buɗe. Ba zan ce komai a kan wannan ba, don ban san komai ba. Kwalbar tana bakin baho, ba cikin takalmi ba, saura ɗan kaɗan a gindinta.

Wannan karon ba wajen famfo yake ba. Da na jingina, ba ƙarfe bayana ya samu ba. Na san wannan ƙirjin, na san inda ƙashinsa ya ɗan turo. Na sa kaina a inda na saba sawa. Ruwan ya hau haɓata, ya hau bakina, ƙamshin lemo ya cika mini kai. Babu wahala a ciki, wannan nake so wani ya sani. Kamar a ce miki ki kwanta, an gama duk aikin gida.

Abin da na sani bayan wannan, ina ƙasa a kan siminti ina amayar da ruwa mai kumfa, Anti tana danna mini baya, tana kiran Yesu tana zagina a haɗe. Katin asibitinta ta manta ta dawo ɗauka. Rigarta ta jiƙe har kafaɗa. Ta naɗe ni da zane ta ja ni falo.

Can ta ce, "Iyakar rayuwata marasa lafiya nake ɗagawa, na san nauyin mace ɗaya. Ina ja, ana ja."

Ba mu gama mayar da numfashi ba wayata ta yi ƙara. Wata ma'aikaciyar asibiti ce daga Tema. An kwantar da Kuukua tun Laraba, jininta ya hau, shi ya sa take ta nemana. In bai sauka ba za su yi mata aiki su ciro jaririn mako mai zuwa. Aka miƙa mata wayar. Muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya.

"Maa, na kira ki ba ki ɗauka ba. Tsoro nake ji. Kowa a ɗakin nan uwarta tana gefenta. Yaushe za ki zo?"

Gashina yana ɗiga a kan wayar na ce mata ina nan tafe. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. 'Yata tana kwance tana neman uwa, uwar tana nan tana jiƙa a kumfa kamar wanki.

Juma'a, da yamma

Ni da kaina na ɗauko kwalbar na miƙa wa Anti. Ta ce ba za a zubar a kwatar gida ba, zai bi ƙamshin ya dawo. Ta hau tasi ta kai ta can bayan gari. Da ta dawo ta dirje ni da toka da gishiri da darbejiya har fatata tana raɗaɗi, ta aske mini kai tas tunda gashi ya fi riƙe ƙamshi. Ta zuba barkono a garwashi ta zagaya ɗakuna, muka yi ta tari muna hawaye kamar an yi mana sabuwar mutuwa. Ta aika wa dangi a matso da wankan teku zuwa Talata, ranar da masunta ba sa fita. Ta ce daga yau zuwa ranar zai neme ni, in zauna a tabarmata kada in motsa.

Na tambaye ta in bai same ni ba fa, zai haƙura? Ta ce ita ma ba ta sani ba. A kan mace ɗaya ta taɓa ganin haka, kuma ba ta ƙarasa mini labarin ba.

Asabar, 22 ga Yuni, da rana

Yana nema.

Lahadi, 23 ga Yuni, da yamma

Durowar kayana a buɗe, atamfofina a zube a ƙasa, an warware su ɗaya bayan ɗaya. Matashin kaina na kan gado ya lotsa a tsakiya kamar an tura fuska a ciki. Bahon babu ko ɗigo, amma yana ƙara can ƙasa-ƙasa, ƙarar ƙarfe in an dafa shi da nauyi. Ya wuce ta falo ba sau ɗaya ba. Ba taku nake ji ba, labule ne yake ɗagawa ya koma, sai warin man inji ya gifta ta gabana ya wuce kicin. Ko tsayawa bai yi ba. Ina zaune dab da hanyarsa, kaina a aske, ina warin ganye da hayaƙi.

Ebo da ba ya iya samo safarsa sai ya kira ni. Na cusa bakin zane a baki don kada in ce ga ni.

Anti tana tsakar gida tana rera waƙar coci da ƙarfi, tana ta kuskuren baiti.

Litinin, 24 ga Yuni, da rana tsaka

An sa aikin Kuukua ranar Alhamis. Gobe teku, jibi motar Tema. Anti tana bayan gida tana wanke farin zanen da zan ɗaura in an fito da ni daga ruwa.

Ruwan sama ya ɗauke, rana ta fito, falon ya yi haske sosai. Tun safe yake zagaye, yau kuma da sauri, ƙofofi suna buɗewa suna rufewa. Ina zaune na gane ba zai gaji ba. Na san mijina, bai taɓa barin abu a tsakiya ba. In aka kai ni teku gobe yana nan yana nema, zai fita ya bi hanya har Tema, ya yi ta shinshina ƙofofi har ya kai ɗakin da jaririn yake.

Sai komai ya tsaya. Warin man inji ya zo gabana bai wuce ba, bakin tabarmar ya ɗan danne ƙasa. Na ji muryarsa. Ba wadda yake yi mini magana da ita ba ce, ɗayar ce, wadda yake ajiye wa tsofaffin da bai sani ba in zai tambayi hanya.

"Maame, gafara dai. Matar gidan nan nake nema, Mansa sunanta. Nan na bar ta. Ko kin san inda ta yi?"

Ban san iya daɗewar da na yi ba. Amsar tana kan harshena, kuma Allah ya sani ina son mutumin nan har yanzu. Na kama tabarma da hannu biyu.

Na ce, "Ta tashi daga nan, Papa. Ta yi nisa. Kada ka jira ta."

Ya ce, "To. Ba ta bar saƙo ba?"

Na ce ba ta bari ba. In na ba shi ko kalma ɗaya zai zauna jiran ta biyu.

"Na gode, Maame. Ki yi haƙuri, na dame ki."

Shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa yi masa ƙarya ya yarda ba sai yau. Ya fita ta ƙofar gaba, ya ja ta a hankali har ta rufe, yadda yake yi in ya fito daga gidan mutane.